Kurungu Biyar a Tankin Levi

"Ba na son in sake ganin shi a gidan nan. Kin ji ni ko ba ki ji ni ba?"

Faustina ta gaji da amsawa. Kwana goma sha ɗaya ke nan tun da takardar gwajin jini ta fito, kuma babu ranar da mahaifiyarta, Mama Miriyam, ba ta faɗi wannan magana ba, yau da faɗa, gobe da kuka.

Kwamitin aure na ikilisiyarsu ne ya ce sai an kawo takardar kafin a sa rana. Ita Faustina ta daɗe da sanin AS ce. Gershon kuwa, wanda za ta aura, tun yana sakandare aka ce masa AA ne, ya riƙe hakan shekara goma sha biyar. Sai ga sabon gwaji ya ce shi ma AS ne. Suka sake a wani asibitin. Amsar ba ta canza ba.

A wani gidan da an tsaya dogon bayani. A gidan mahaifinta Baba Obadiah da ke Aduwan babu mai bukatar a gaya masa mene ne sikila. Bara da damina suka binne Levi, ƙanen Faustina, yana da shekara ashirin da huɗu.

Ƙarar mashin ta tsaya a ƙofar gida. Mama ta kalli 'yarta, ta ɗauki tiren accar da take tsincewa ta shige kicin.

Gershon ya shigo rungume da kula, ruwan sama ya jiƙa masa kafaɗu. Ya rame. Rigar da take kama shi watan jiya yanzu ta yi masa yawa.

"Tina."

"Ka zo?"

"Kifayen ne suka iso. Musbahu mai sayar da kifi ya sa su a motar Jos da safe. Na rasa yadda zan yi da su, kuma ba a mayar da su."

Ta kalli tankin gilashin da ke kusurwar falo. Na Levi ne. Da yake ba ya iya ƙwallo, ba ya iya wasan ruwan sama kamar sauran samari, kifi ya zama abokin hirarsa. Mako ukun da suka yi a asibiti da shi babu wanda ya tuna da tankin, suka dawo suka tarar komai ya mutu. Mama ta rufe shi da tsohon zane, ya shekara a haka. Sai wata guda da ya wuce, lokacin da maganar aure take da daɗi, Faustina ta yaye zanen, ta wanke gilashin, ta cika shi da ruwan rijiya. Gershon ya ce shi zai kawo kifin. Har Mama ta yi murmushi ranar.

"Shigo da su," in ji Faustina.

Ya leƙa kicin ya durƙusa. "Mama, ina wuni?"

Ƙarar tire kawai aka ji. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi.

Cikin kular akwai leda ɗaure da roba, rabi ruwa rabi iska. 'Yan kurungu biyar ne, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, masu ɗigo-ɗigo a jiki da dogon gashin baki. Sun cure wuri ɗaya a ƙasan ledar. Faustina ta kai hannu za ta kwance.

"A'a, kada ki juye su yanzu. Ruwan tankin ya fi nasu sanyi. Sai mun ɗora ledar a kan ruwan ta yi kamar minti ashirin, sannan mu riƙa ƙara musu na tankin kaɗan-kaɗan. In ba haka ba jikinsu ba zai ɗauka ba."

Ya ɗora ledar, ya kashe fitilar da ke saman tankin. Babu abin yi kuma sai jira. Suka zauna, kujera ɗaya a tsakaninsu.

"Na kira ki jiya sau huɗu," in ji shi a hankali.

"Na gani."

"Ba ki ɗauka ba."

"In ɗauka in ce maka me, Gershon? Abin da muka faɗa shekaranjiya shi za mu sake faɗa. Ka ce Ubangiji zai yi hanya, in ce amin, mu yi shiru, kati ya ƙare."

Ya sunkuyar da kai. "An ce min maman Endurance tana zuwa."

"Kullum."

"Da takardar ɗanta ta AA a jaka."

"Har ta sa an manna mata leda," in ji Faustina, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ran Talata a zumuntar mata ta fito da ita, wai tana neman hankici."

Bai yi dariya ba. Ya tashi ya kwance bakin ledar, ya ɗebi ruwan tanki da kofi ya zuba kaɗan. Ya jira, ya sake. Yana yi yana mata bayani da muryar da yake koyar da ɗalibansa aikin gona, kamar maganar kifi ce kaɗai ta rage wadda ba za ta sa su kuka ba.

Kada ta ba su abinci yau, sai gobe da yamma. Abincin mai nutsewa ne, don su a ƙasa suke kiwo, ba sa hawowa sama. Ƙwaya biyar ta isa, abin da ya rage ta kwashe kada ya ɓata ruwa. Ta nemo musu wurin ɓuya, ko fasasshiyar tukunyar ƙasa ce. Kada ta kama su da raga, ƙayarsu tana sarƙewa, ta yi amfani da kwano.

"Kina ji na, Tina?"

"Ina ji."

Da kwano ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, bai bar ruwan ledar ya shiga tankin ba. Suna taɓa ƙasa suka ɓace bayan duwatsu, kamar ba a saka komai ba.

Ya goge hannu a wando. Ya tsaya yana kallonta, ita tana kallon gilashi.

"Sai an jima," in ji shi.

Mama ba ta fito ba sai da ƙarar mashin ɗin ta ɓace.

*

Mako biyun da suka biyo baya, Faustina ba ta san yadda ta yi su ba.

Ta tashi da safe ta tafi makaranta, ta koyar da aji uku, ta dawo da tulin littattafan da za ta duba. Kafin ta cire takalmi sai ta durƙusa gaban tankin ta ƙirga. Ɗaya. Biyu. Wani lokaci sai ta daɗe kafin ta hango wutsiyar na biyar a ƙarƙashin kaskon da ta fasa musu.

Ba su ci abinci ba kwana uku. Ta zuba, ta jira, ta kwashe. Ran na huɗu aka ɗauke wuta tun safe, ɗan injin da ke hura musu iska ya tsaya. Ta dawo ta tarar biyu sun hawo sama suna buɗe baki. Ta ɗauki kofi ta zauna, tana ɗibar ruwan tana zubawa daga sama don iska ta shiga, har hannunta ya sage. A haka Anti Edna, mahaifiyar Endurance, ta same ta.

"Kai, 'yata! Malama guda kina wasa da ruwa?"

"Sannu da zuwa, Anti."

Anti Edna ta zauna ta baza zane. Ta ce Endurance yana gaisuwa daga Kauru. An ƙara masa girma a sakatariya. Ya gama rufin gidansa, saura fenti. Yaro ne mai tsoron Allah, ba ya sha, ba ya yawo, kuma jininsa lafiya lau.

"Ni ba na tilasta kowa," in ji ta, tana kallon Mama. "Amma shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ne, Miriyam. Mace tana da lokaci."

Faustina ta ci gaba da zuba ruwa. Endurance ba mugu ba ne, ta sani. Sun yi makarantar Lahadi tare. Sau biyu yana kiranta a waya, duka biyun da ladabi, har ya ce ta yi haƙuri da mamansa. Da mugu ne da abin ya fi sauƙi.

Ran Lahadi bayan sujada fasto ya kira ta ofis. Ya ce ikilisiya ba za ta ce ta hana ba, amma dattawa ba za su ce sun ba da shawara ba. Ya yi mata addu'a mai tsawo. Ta fito ba ta san ko an buɗe mata ƙofa ko an rufe ba.

A mako na biyu ta lura ƙaramin cikinsu ya daina fitowa. Da ta haska shi da waya sai ta ga gashin bakinsa ya gutsure, wurin ya yi ja. Ta ɗauki hoto. Ta daɗe riƙe da wayar kafin ta tura wa Gershon.

Amsa ta zo nan take. Tsakuwar da ke ƙasan tankin ce take da kaifi, tana yanka su in suna tonon abinci. Sai an canza ta da yashi mai laushi. Zai zo ran Asabar.

Ba ta gaya wa kowa ba. Amma ran Juma'a da ta dawo, sai ta ga bokiti biyu cike da yashin rafi a bayan ɗaki, an wanke shi tas. Baba Obadiah yana zaune kusa da su, ƙafar wandonsa a naɗe, yana tausa gwiwa. Tun da ya bar aikin reluwe gwiwar take damunsa, kuma tun rasuwar Levi ba ya haɗa magana goma a wuni.

"Baba, kai ka je rafi?"

"Na ga abin da ke damun ƙaramin," in ji shi. "Levi ma ya taɓa faɗa min tsakuwar ba ta da kyau. Ban saurare shi ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki.

*

Gershon ya zo ran Asabar da hantsi. Wannan karon Mama ba ta shiga kicin ba. Ta zauna a kujerarta ta harɗe hannu. Baba yana gefe da rediyonsa a kashe.

Suka fara aikin. Suka rage ruwan a babban baho, suka kwashe kifayen da kwano suka sa a ciki, suka rufe da tire don kada su yi tsalle. Gershon ya kwashe tsakuwar da hannu, Faustina tana miƙo masa yashi. Sai da ya shimfiɗa rabi sannan ya tsaya, ya juya, ya durƙusa gaban Mama, hannayensa suna ɗigar ruwa.

"Mama, ina roƙo ki ba ni minti biyar."

Mama ta gyara zama.

"Na je Kagoro na yi magana da mahaifiyata. Ta yi kuka, amma na gaya mata. In kun ba ni Tina, ba za mu haihu ba. Akwai yara da yawa da ba su da iyaye, za mu ɗauko mu riƙe. Ba zan sa ta ga abin da kika gani ba. Na yi alkawari a gaban Ubangiji."

Mama ta dube shi ta daɗe. Da ta buɗe baki, muryarta ba ta faɗa ba ce. A gajiye take.

"Ka san abin da na gani? Kai ka san shi?"

"Mama..."

"Wata takwas yake da shi lokacin da hannunsa ya fara kumbura. Na ɗauka kunama ce. Shekara ashirin da huɗu, Gershon. In hadari ya haɗu, sauran mata suna murna za a yi shuka, ni gabana yana faɗuwa, don na san sanyi zai tayar masa. Na san kowane benci a asibiti. Na san wace nas ce take da hannu mai sauƙi. Babansa ya ba da jini har aka ce ya isa haka. Yaron nan yana riƙe min zane yana cewa, Mama ki sare min ƙafar in huta. Ɗan da na haifa!"

Hawaye suna zuba, ba ta share ba.

"Mu ba mu sani ba. A zamaninmu babu wanda ya ce mu je gwaji. In na tsaya gaban Yesu zan ce ban sani ba. Ku fa? Me za ku ce? Yau ka ce ba za ku haihu ba. Shekara uku, biyar, danginka za su fara magana. Ko ciki ya shiga ba ku shirya ba. Sai ku ce ai ɗaya ne cikin huɗu yake zuwa da sikila, bari mu gwada. Ni ma ɗaya cikin huɗun na samu."

"Ba zai faru ba, Mama. Na rantse..."

"Gershon."

Faustina ce. Tana tsaye da kwanon yashi a hannu. Ta ajiye shi a hankali.

"Ka je Kagoro ka gaya wa mamanka. Ka zo ka gaya wa tawa. Ni ka tambaye ni?"

Ya juyo, bakinsa a buɗe. "Tina, na ɗauka..."

"Kowa ɗauka yake yi. Mama ta ɗauka in ta raba mu zan huta. Anti Edna ta ɗauka takarda nake aure. Kai ka ɗauka in ka ba da naka, ni ma na ba da nawa. Ina son haihuwa, Gershon. Tun ina yarinya nake so. Ina so in ji ɗa yana motsi a cikina. Ina so in ga fuskarka a fuskarsa. Kwana ashirin da biyar ina jin kunyar faɗa, don in na faɗa kamar na ce ba na son ka. Kuma ina son ka. Ina son ka har ba na iya cin abinci."

Ta zauna a ƙasa, a jiƙaƙƙen siminti, ta jingina da kujera.

"Ni na yi jinyar Levi tare da Mama. Ni nake riƙe ƙafarsa. Ba zan iya haifo wani in riƙe ba. Kuma ban san ko zan iya zama da kai shekara arba'in ina kallon yaran mutane ban tsane ka ba. To ka gaya min, wanne zan ɗauka? Na gaji. Wallahi na gaji."

A cikin bahon wani kifi ya bugi tire.

Gershon ya share fuska da bayan hannu, yashi ya manne masa a kumatu.

"Kina so in daina zuwa?"

"Ban sani ba."

"Endurance fa?"

"Kada ka sa shi a ciki. Ba zan aure shi ba, ko kana nan ko ba ka nan. Mama, ki ji wannan ma."

Mama ba ta musa ba.

Gershon ya tashi kamar tsoho. Ya koma gaban tankin, don ba a barin aikin a rabi. Ya ƙarasa shimfiɗa yashin. Ya mayar da kaskon. Ya ɗora faranti a ƙasa ya riƙa zuba ruwa a kansa don kada yashin ya tashi. Faustina ta miƙe ta riƙe masa kwano, suka mayar da kifayen ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin ya sauka a kan yashin, ya tsaya, sannan ya fara tura baki a ciki.

"Gashin zai sake fitowa," in ji Gershon, ba tare da ya dube ta ba. "Ki riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Kada ki canza duka."

Ya ɗauki makullin mashin.

"Ɗana."

Duk suka juya. Mama ce ta miƙe, tana gyara ɗaurin zane.

"Zauna ka ci abinci kafin ka tafi."

Ta shiga kicin ta fito da faten acca mai zafi a kwanon baƙi, wanda ba a fito da shi sai Kirsimeti. Ta ajiye masa da hannunta. Ta kawo ruwan wanke hannu, ta tsaya a kansa.

Faustina ta san mahaifiyarta. Da faɗa take yi, da akwai sauran magana. Wannan abincin sallama ne.

Gershon ma ya gane. Ya yi cokali uku. Ya ajiye.

"Na gode, Mama. Baba, na tafi."

"Ubangiji ya kiyaye hanya," in ji Baba Obadiah.

Bai kalli Faustina ba. Ya fita, ya ja ƙofar gidan a hankali. Mama ta bi bayansa ta sa sakata, ta dawo ta fara kwashe kwanuka.

Faustina ta tsaya a tsakar gida tana jiran ƙarar mashin.

Minti biyu. Minti biyar. Yayyafi ya fara sauka a kan kwanon rufi. Mai tallan masara ta wuce tana kira. Mashin bai tashi ba.

Ta ƙarƙashin ƙofar tana hango takalmansa. Yana nan tsaye, bai matsa ko taku ɗaya ba.

Ta fara tafiya.

"Faustina!" Mama ta kira daga bakin kicin, muryarta ta karye. "Faustina, ina roƙon ki."

Ta tsaya, hannunta a kan ƙarfen ƙofar. Ba ta juya ba.

Sai ta ji muryar mahaifinta daga falo, da ƙarfin da ba ta ji ba tun ranar jana'iza.

"Miriyam, ki bar ta. Ko me za ta gaya masa, nata ne."

Faustina ta share ido da gefen ɗankwali, ta zare sakatar.